Jifar Kuluwa a Zauren Baƙar Rijiya

A garin Maigatari an yi wani mai gyaran rediyo ana ce da shi Dayyabu. Hannunsa na da kyau, duk rediyon da ta mutu in aka kai masa sai ta tashi, amma shi ransa ba ya kan rediyo. Burinsa a duniya ya mallaki babbar mota ya riƙa jigilar dabbobi zuwa kudu, kuma shi ba mutum ne mai son jira ba.

Wata ranar kasuwa da rana tsaka, wani dogon mutum da ya naɗe fuska da rawani har ido ya ajiye masa wata baƙar rediyo, ya ce a duba, ya shige cikin mutane, bai sake dawowa ba. Dayyabu ya buɗe bayanta, ya ga babu waya, babu wurin batir, sai wani ɗan dutse mai sanyi yana bugawa kamar zuciya. Ya murɗa, sai murya ta fito tar: "Nan Zauren Baƙar Rijiya. Faifai na biyan rabi, Ludayi na biyan bakwai, Ƙwayar Gero na biyan ɗari biyar. Mai so ya murɗa har ƙarshe."

Ya kai ta gida ya yi ta saurare. Ran nan matarsa Barira ta shigo da kwanon tuwo, ta tarar da rediyo a kan tabarma, takalmansa a bakin ƙofa, shi kuwa ko sama ko ƙasa.

Aka nema har aka gaji. Barira dai ba ta rabu da rediyon ba, don kullum bayan azahar muryar nan takan karanto abin da 'yan wasa suka rasa. Yau a ce, "Dayyabu na Maigatari ya sa fiton bakinsa a caca, Rijiya ta ci." Gobe a ce ya sa barcinsa na rana. Da aka ce ya sa ɗanɗanon barkono, Barira ta ce da sauƙi, dama ya cika ƙorafi a kan miya. Sai aka ce ya sa hanyar gidansu, nan ta san abin ya wuce wasa. Ba a daɗe ba muryar ta ce, "Dayyabu na Maigatari ya sa kansa, Rijiya ta ci. Mai fansa ya zo kafin haskensa ya ƙare." Barira ta saɓa 'yarta Hajjo a baya, ta rungumi rediyo, ta nufi gidan surukarta tana kuka.

Surukar nan sunanta Kuluwa, wata gajeriyar tsohuwa mai sayar da daddawa, ba ta da yawan magana, in kuwa ta yi ba ta maimaitawa. Dayyabu ɗan farinta ne, kuma ita irin matan dā ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarsa, can ya girma. In ya zo gaishe ta bango take kallo ta amsa. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ko "mai rediyo". Akwai wani maƙwabcinta mai suna irin nasa, shi ma albarkacin haka bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ƙannensa ta goya su, ta yi musu wasa, ta zage su da sunayensu, shi kuwa ko zagin bai samu ba. Gaskiyar magana kuwa, duk cikin 'ya'yanta babu wanda take so kamarsa. Lokacin da ya yi ƙyanda yana yaro, bayan rumbu take zuwa ta yi kukanta, ta goge ido, ta aika da magani ta hannun maƙwabciya.

Barira ta tarar da ita tana cura daddawa. Ta durƙusa ta ce, "Inna, sun cinye shi. Ya sa kansa."

"Wa?"

"Baban Hajjo."

Kuluwa ta ci gaba da curi. "To. Ai ƙafarsa ce ta kai shi."

"An ce mai fansa ya je. Ni zan tafi, Inna, ga Hajjo ki riƙe."

"Ke da goyo? Zauna. Miƙo mini abin nan in ga irin shashancin da ke cikinsa."

Ta wanke hannu, ta ƙulla daddawa a bakin mayafi, ta ɗauki butarta da carbi. Ta yi bisimilla, ta murɗa har ƙarshe.

Ba ta ji an ɗaga ta ba, ba ta ji an sauke ta ba. Sai dai ta gan ta tsaye a wata tasha ta gilashi a bisa gajimare, jirage masu kama da kifaffiyar ƙwarya sun jeru, aljanu 'yan kamasho na ta kiran fasinja. Wani mai fuskar tagulla da hannu huɗu ya tare ta.

"Ya ke 'yar Adam, ina aka nufa, kuma da me za a biya? Mu nan ba mu karɓar kuɗin ƙasa."

"Zauren Baƙar Rijiya za ni. Ga abin da na zo da shi."

Ta kwance bakin mayafi. Warin daddawa ya bugi tashar nan, aljanu suka yi cirko-cirko. Ashe a can sama babu abin da ke wari ko ƙanshi, kome lami. Mai fuskar tagulla ya sunsuna, ya lumshe ido, ya ce curi ɗaya ya isa ya kai ta ya dawo da ita, har da wanda ta ɗauko in Allah ya sa ta ɗauko. Ya ƙara da cewa bai taɓa ganin an ɗauko ba.

Jirgi ya tashi. Da suka yi nisa nauyi ya ƙare, fasinjoji suka fara shawagi kamar audugar rimi. Kuluwa ta kama ƙarfen kujera da hannu ɗaya, ta danne zani da ɗayan, ta ce ita ba a ganinta ƙafa a sama da tsufanta. Daga nan suka shiga Kogin Duwatsu, inda duwatsu ke gudu a sarari, wani kamar rumbu, wani ya kai gari guda. Direba ya ce kowa ya yi shiru, don sauti suke bi. Wani fasinja mai hanci kamar na giwa ya daure, ya daure, ya saki atishawa. Nan take dutse ya huda gefen jirgi, iskar ciki ta fara zuƙewa, aka hau salati da harsuna iri-iri. Kuluwa ta miƙa hannu ta liƙe hujin da curin daddawa, ta danna da babban yatsa, aka wuce.

Gaba kaɗan akwai wani kwari na hayaƙi inda muryoyi ke kiran kowa da muryar wanda ya fi kewa. Fasinja biyu suka buɗe ƙofa suka bi kira, ba a sake ganinsu ba. Ita ma ta ji muryar ɗanta a jikin taga tana cewa, "Inna, Inna." Ta ja mayafi ta kau da kai, yadda ta saba yi in ya shigo gida. Da ta ji a jikinta la'asar ta yi, ta tambayi direba ina ne gabas. Ya nuna mata wani ɗan shuɗin dutsen ado can ƙasa, ya ce, "Ga duniyarku can gaba ɗaya, gabas da yamma duk suna cikinta." Ta fuskance shi ta yi sallarta a zaune.

Zauren da suka isa ba shi da rufi, daɓensa gilashi ne, faɗinsa ya fi kasuwar garinsu. A tsakiyarsa ga Rijiyar, baƙa ƙirin, irin baƙin da ko haske ya matso kusa sai ya lanƙwashe ya faɗa ciki. Wasu watanni biyar na kewaya ta. Na bakin gaɓa babba ne yana tafiya a hankali, na can ciki kuwa ɗan mitsitsi ne, gudunsa ido ba ya kamawa. A bisa watannin akwai mutane zazzaune, jikinsu na ba da wani dusasshen haske. Kewaye da Rijiyar 'yan caca ne cunkus: aljanu, da mutanen wasu taurari, wasu kamar fara, wasu kamar hayaƙi a kwalba, da 'yan Adam jefi-jefi da ido jajur.

Kuluwa ta yi a'uzubillahi. Ita da ko canki-cankin yara ba ta bari a yi a ƙofar gidanta, yau ga ta a uwar caca. Ta ce a ranta Allah na gani, ba riba ta kawo ta ba.

Wani dogo ya taso ya tarye ta. Jikinsa farin ƙarfe ne, a maimakon fuska madubi gare shi, in yana magana kanka kake gani. Ya rusuna ya ce, "Maraba da baƙuwa. Ni ne Wakilin Rijiya. Dokar gidan nan ce ba a karɓar jifar kowa sai an karanta masa ƙa'ida, don kada ya ce an zalunce shi."

"Karanta, ina ji."

"Sunan wasan Wata-ko-Rijiya. Mai wasa yakan kawo wani abu nasa na kansa, dariyarsa, ko ƙuruciyarsa, ko tunanin wata rana mai daɗi. Sai a ɗora a Sikeli." Ya nuna wata na'ura mai tsayin rimi, da ido guda, da kunne guda, da allura mai nuna nauyi. "Sikeli ya auna yadda abin yake da daraja a wurin mai shi, a ba shi ƙwayoyin haske daidai nauyin. Ya zaɓi wata, ya jefa ƙwaya. Ƙwayar takan kewaya Rijiya, kowane zagaye tana matsawa ciki. In ta sauka a watan da ya zaɓa, ya ci. In ta wuce, Rijiya ta ci. Mai ƙwaya da yawa ya shiga rumbunmu ya saya abin da ransa ke so, daga mota har mulkin tauraro."

"Wa ya taɓa sayen motar?"

Wakili ya wuce wannan tambaya. "Babban watan can sunansa Faifai. Cikin jifa goma shida kan sauka a kansa, amma rabi yake biya: ka sa biyu, ka ci ɗaya. Mai bi masa Akushi, huɗu cikin goma, yana biyan daidai abin da ka sa. Sai Ludayi, ɗaya cikin goma, yana biyan bakwai. Sai Ƙwan Zabo, ɗaya cikin ɗari, yana biyan sittin. Na can bakin Rijiya shi ne Ƙwayar Gero, ɗaya cikin dubu, yana biyan ɗari biyar. 'Yan Adam sun fi son wannan."

Kuluwa ta ce, "Wato ko ta ina aka jefa, gidan ne da riba."

"Ba mu taɓa ɓoye wa kowa haka ba," in ji Wakili. "Wanda abin sawarsa ya ƙare, yakan sa kansa. In Rijiya ta ci, sai mu zaunar da shi a kan wata, haskensa ne ke juya watannin. Ran da hasken ya ƙare, ya gangara ciki."

"Ni fansa na zo yi."

"Fansa kai da kai ce. Ki sa kanki, ki jefa ƙwaya ɗaya. Wanda kika zo dominsa yana zaune a kan wata, shi zai cafe ƙwayar da hannunsa. In ya cafe, ku tafi tare, amma abin da ya rasa a baya ya rasa. In ya miƙa hannu ya kuskure, ku biyun namu ne. In kuwa ya ƙi miƙa hannu, jifar ta tashi a banza, ke ki koma gida, shi ya faɗa Rijiya nan take."

"Wane watan za a ɗora shi?"

"Ba ke za ki zaɓa ba, Sikeli ne. Yakan auna yadda mai fansa ke son wanda ya zo fansa. Gwargwadon nauyin so, gwargwadon ƙanƙantar wata. Kuma ki sani, Sikeli ba ya daina awo sai ƙwaya ta sauka. Abin da ke cikin zuciya ba a ba mu ikon ganinsa ba, amma mun daɗe muna wannan sana'a. Duk abin da ke zuciya yakan fito ta ido, ko ta harshe, ko ta hannu, kuma nan Sikeli yake tsare."

Suna cikin haka aka kira wata fansa. Wani mutum mai fata ruwan toka, daga wani tauraro mai nisa, ya zo karɓar matarsa. Yana ganinta ya ruga ya rungume ta yana kiran sunanta. Allurar Sikeli ta yi sama, aka ɗora matar a Ƙwayar Gero. Ya jefa, ta miƙa hannu, ƙwayar ta wuce ta kamar walƙiya. Aka zo aka tafi da shi, 'yan kallo suka koma wasansu.

Sai aka kawo Dayyabu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, hasken jikinsa saura kaɗan kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Da ya ga wadda ta zo, ya zube ya ce, "Inna, sannu da zuwa."

Kuluwa ta ji kamar ta kwanta a daɓen nan ta yi birgima. Amma ga taro, ga baƙi. Ta juya ta kalli wani ginshiƙi ta ce, "Yauwa."

Idon Sikeli ya juyo kanta. Allura ba ta motsa ba. Wakili ya dubi allura, ya dubi tsohuwa, ya ce, "Ya ke 'yar Adam, wannan ne wanda kika zo dominsa?"

"Shi ne."

"Ba ki dube shi ba."

"Na san kamanninsa."

"Mene ne sunansa?"

Kuluwa ta ja mayafi ta rufe baki. "Ku da kuke shelarsa kullum a rediyo, ni za ku tambaya?"

"Ke kika haife shi?"

"Kai, wannan wace irin tambaya ce a gaban mutane? Matarsa ce ke ta kuka ta hana ni aiki, shi ya sa na zo."

Ba dabara take yi ba. Da a tsakar gidanta aka yi mata waɗannan tambayoyi, amsar ke nan. Wakili ya sa aka matso da Dayyabu har rigarsa na taɓa zaninta, ta matsa gefe. Ya sa aka buga Sikeli ko ya cije, aka ga lafiyarsa ƙalau. Daga ƙarshe ya ɗaga murya yadda doka ta ce a yi shela: "Sikeli ya auna. Tun da aka kafa zauren nan ba a taɓa samun so marar nauyi kamar na wannan mace ga wannan mutum ba. A ɗora shi a Faifai."

Zaure ya ɗauki guna-guni, don ba a taɓa yin fansa a Faifai ba. Kuluwa ta yi hamdala a ranta, shida cikin goma ba laifi. Abin da ba ta gani ba, tunda ba ta kallonsa, shi ne fuskar ɗanta.

Dayyabu ya san kunyar ɗan fari, wa bai sani ba? Tun yana yaro kakarsa ke ce masa haka ake yi, kada ya sa a ransa. Ya yarda, ko da yake in ya ga ƙannensa a cinyarta yakan juya ya bar wurin. Amma ya daɗe a zauren nan, ya ga Sikeli ya auna dubban halittu bai taɓa kuskure ba. Shi ya auna fitonsa, shi ya auna hanyar gidansu, kuma duk daidai ya faɗa. Yau ga Sikeli ya faɗi abin da Dayyabu ya daɗe yana tsoro, a gaban kowa.

Wata igiyar haske ta ɗauke shi ta dire a kan Faifai. Aka ɗora wa Kuluwa ƙwaya a tafin hannu, ɗumi gare ta kamar ƙwan da aka ɗauko yanzu daga ƙarƙashin kaza. Ta yi bisimilla ta wurga, irin wurgin da take wa awaki in sun shigar mata shanya.

Ƙwayar ta tafi, ta kama kewaye. Jifar ta yi kyau, har 'yan caca suka yi sowa. Ta zo ta saman Faifai a hankali, dab da kansa, ko yaro ya iya kamawa. Dayyabu na zaune, ya harɗe hannuwa a ƙirji, kansa a sunkuye. Ƙwayar ta wuce.

Sai Dayyabu ya ɗago ya ce, "Inna, ki yafe mini. Koma gida wurin ƙannena. In na miƙa hannu na kuskure, kin hallaka a kan wanda ba ki damu da shi ba. Ki ce wa Barira ta yi haƙuri."

Wakili ya sunkuyo ya ce a hankali, "Bai miƙa ba, kuma ba mu tilasta kowa. Ki yi shiru kawai, 'yar Adam, yanzu za ki koma gida lafiya."

Ƙwayar ta sake zagayowa, wannan karon ta ɗan yi nisa da shi, ta fara karkata ciki. Kuluwa ta dubi allurar Sikeli tana kwance. Ta gane sarai. In ta yi shiru, ɗanta zai faɗa ramin nan yana ganin uwarsa ba ta taɓa sonsa ba. In ta buɗe baki, shida cikin goma ta zama ɗaya cikin dubu, kuma har da ita a ciki. Ta ji kunyar shekara da shekaru ta danne mata harshe kamar dutsen niƙa. Ta yar da buta, ta ruga bakin gaɓa, mayafi ya zame ya faɗi, ta miƙa hannu biyu a kan Rijiya.

"Dayyabu!" Muryarta ta fashe. "Dayyabu, ɗana! Ƙarya ƙarfen nan yake yi! Miƙo hannunka, don girman Allah, kada ka kashe ni da raina!"

Allurar Sikeli ta yi tsalle ta bugi ƙarshe, ta lanƙwashe, ta karye, gilashin idonsa ya tarwatse. Igiyar haske ta fizge Dayyabu daga Faifai, ta wuce da shi Akushi, ta wuce Ludayi, ta wuce Ƙwan Zabo, ta dire shi a Ƙwayar Gero, inda ƙafa ɗaya kawai ke samun wurin tsayawa. Watan na gudu da shi, baƙin Rijiya na jan rigarsa. Amma yanzu a tsaye yake, kuma hasken jikinsa da ya kusa mutuwa ya kama har yana kashe ido.

Ƙwayar ta shigo zagayenta na ƙarshe da gudu, nesa da shi, inda hannu ba ya kaiwa. Masu lissafin zauren da suka ce ɗaya cikin dubu, da wanda zai tsaya a kan wata ya miƙa hannu daga inda yake suka yi lissafi, don ba a taɓa samun wanda ya rabu da watan ba alhali Rijiya na ƙarƙashinsa. Dayyabu ya daka tsalle. Ya tafi a sarari, babu kome a ƙasansa sai baƙi, ya dunƙule hannu a kan ƙwayar, ya fara faɗawa.

Kuluwa ta juyo ta cafki hannun ƙarfen Wakili. "Ya cafe! Da idonka ka gani, in kana da ido!"

Wakili ya ce, "Doka ta ce ya cafe da hannunsa, kuma ya cafe. Gidan da bai biya ba ya rushe." Ya ɗaga yatsa. Igiyar haske ta bi Dayyabu cikin duhu, ta daɗe, sannan ta fito da shi ta ajiye a gabanta.

Ƙwayar ta ƙone masa tafin hannu, fata ta saɓule. Kuluwa ta ɗauko mayafinta daga ƙasa, ta yage gefensa da haƙori, ta kama hannun ta naɗe, tana faɗa. Ta ce masa sakarai, ta ce masa marar tunani, mai mata da 'ya ya zo yana wasa da ransa saboda mota. Shi kuwa yana durƙushe yana kuka yana dariya, don rabonsa da jin hannunta a jikinsa tun ba shi da wayo.

Wakili ya tsaya a kan tarkacen Sikelinsa ya ce, "Ya ke 'yar Adam, kafin ki tafi ki amsa mini tambaya ɗaya. A ina kika ɓoye wannan nauyi?"

"Inda uwata ta ɓoye nata," in ji Kuluwa. "Ba mu hanya."

Dayyabu bai san hanyar gida ba, ya riga ya sa ta a caca, don haka ita ta shige gaba yana biye har cikin jirgi. Suka zauna, jirgi ya tashi, Rijiya da watanninta suka yi ta ƙanƙancewa a bayansu. Kuluwa ta gyara abin da ya rage na mayafinta, ta juya fuska wajen taga. Can Dayyabu ya yi gyaran murya.

"Inna."

"Mene ne?"

"Ashe kin iya faɗar sunana. Na ɗauka ko kin manta shi."

Da ta amsa, da taga ta yi magana.

"Wa kake tsammani ya zaɓa maka shi? Ni na aika wa ubanka da shi ta bakin gwaggonka, ana gobe suna. Na ce in ba shi aka raɗa ba, ba na cin naman."

Iyakar abin da aka ji daga bakinta ke nan a wannan tafiya. Ba ta ƙara dubansa ba har suka sauka, amma hannun nan mai ƙuna yana cikin nata, ba ta saki ba.